Zomayen Alfred Jost da jariran Zongo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau maganar wani Bature ɗan Faransa zan yi, sunansa Alfred Jost, an haife shi a 1916 ya rasu a 1991, kuma na san ko a cikin ma'aikatan asibitin Kumasi ba kowa ne ya taɓa jin sunansa ba balle mu nan Zongo, amma aikinsa yana shigowa hannuna kusan kullum a cikin 'yar kwalbar jini. Ni aikin lab nake yi, mu ne masu ɗiban jini da fitsari mu auna mu mayar wa likita da rizot, kuma 'yan shekarun nan akwai wani gwaji mai haruffa uku da likitocin mata suke yawan rubutawa, AMH. Duk matar da ta sha yawon neman haihuwa daga nan har Accra mai yiwuwa ta ga haruffan nan a takardarta. To wannan AMH ɗin Jost ne ya fara cewa akwai shi, tun 1947, lokacin ba wanda ya taɓa ganinsa ko ya auna shi, shi kansa ma bai gan shi ba, sawunsa kawai ya gani a jikin 'ya'yan zomo.

Abin da ya sa labarinsa ya tsaya min a rai, lokacin da muke Tek, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, malamanmu ba su da zance sai na yawan takardun bincike da mutum ya wallafa da kuma sau nawa wasu suka ambaci aikinsa a nasu rubutun. Akwai ma wani ma'auni da wani masanin fiziks a Amurka, Jorge Hirsch, ya kawo a 2005, h-index ake ce masa, in aka ce naka 20 ne to kana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Ana duba shi wajen ƙarin girma, ana duba shi wajen neman kuɗin bincike, kana shiga Google Scholar za ka gan shi a shafin malami. Ban raina abin ba wallahi, dole dai a samu wata hanya ta auna ƙoƙarin mutane. Amma akwai irin tasirin da lambar nan ba ta kamawa, wato lokacin da abin da mutum ya gano ya shige cikin aikin kowa har aka daina tuna cewa wani ne ya gano shi. Jost bai samu kyautar Nobel ba, babban aikin nasa ma da Faransanci ya rubuta shi, amma duk littafin likitancin da ka buɗe babin yadda ɗan tayi ke zama namiji ko mace, tsarinsa ne za ka tarar a ciki ko an kira sunansa ko ba a kira ba.

Bari in faro daga tushe saboda wanda bai yi sayans a makaranta ba. Wajen makonni shida na farkon ciki, ɗan tayin da zai zama namiji da wanda zai zama mace ba su da bambanci a ido ko kaɗan. Kowanne yana da wasu 'yan ƙulluttuka biyu da nan gaba za su zama ko dai 'ya'yan maraina ko kuma ma'ajiyar ƙwan mace, sannan kowanne yana da bututu kashi biyu kwance gefe da gefe. Kashi ɗaya sunan wani Bajamushe, Müller, aka sa masa, shi ne yake zama mahaifa da bututun da ƙwai ke bi da kuma can saman farji. Ɗaya kashin na Wolff ne, shi ma Bajamushe, shi ne yake zama hanyoyin da maniyyi ke bi ya fito. Kamar magini ne da ya ja fayif kala biyu tun a fandesho kafin mai gida ya faɗi irin ginin da yake so, daga baya a haɗa ɗaya a bar ɗayan ya mutu. Wato kai Alhaji da kake karanta wannan, akwai lokacin da kake ɗauke da abin da zai iya zama mahaifa, ke ma Hajiya kin taɓa ɗaukar irin nasa. Ikon Allah. Tambayar da ta dami masana ita ce, mene ne a cikin jikin yake sa a raya wannan a kashe wancan?

Makiyaya sun riga masana ganin alamar amsar. Ka tambayi Bafulatanin da ya daɗe cikin shanu, ko tsofaffin mahautanmu na mayanka, in saniya ta haifi tagwaye mace da namiji to macen kusan ko da yaushe juya ce, fiye da 90 cikin 100, ka yi ta kiwonta ba za ta ɗauki ciki ba. A 1916 wani masani a Shikago, Frank Lillie, ya riƙa karɓo mahaifar shanu masu tagwaye daga mayanka yana dubawa, sai ya ga jijiyoyin jinin tagwayen suna haɗewa tun a ciki, jinin namijin yana ratsa jikin macen. Ya ce lallai akwai wani sinadari da namijin ke fitarwa da yake lalata mahaifar 'yar uwarsa. Da aka gano testosteron, sinadarin maza, a 1935 sai kowa ya ce to ga shi nan, an gama. Amma da aka riƙa yi wa dabbobi masu ciki allurarsa, 'ya'yan mata suna fitowa da al'aura mai kama da ta maza, mahaifarsu kuwa tana nan daram. Wani abu bai cika ba.

Nan ne Jost ya shigo, a Faris, bayan yaƙin duniya na biyu, yana ɗan shekara 30 da ɗoriya. Ya ce maimakon a yi ta ƙara sinadari daga waje, bari a cire tushen abin a ga me zai faru. Cikin zomo wajen kwana 31 ne. Sai ya ɗauko zomanya mai ciki wajen kwana 19 ko 20, ya sa mata maganin barci, ya buɗe cikinta, ya kai ga mahaifar, ya ɗan tsaga ta ya kai ga ɗan tayin da tsawonsa santimita kaɗan ne, jikinsa ruwa-ruwa, taɓa shi da ƙarfi kaɗan ya lalace, a cikin wannan ɗan tayin zai nemo 'yan ƙulluttukan nan biyu ya cire su, ya ɗinke komai ya mayar, ya bar cikin ya ci gaba har kusan haihuwa sannan ya sake buɗewa ya duba abin da ya faru. Ni da nake neman jijiya a hannun jariri kullum na san abin da ake nufi da hannu ya tsaya cak, amma wannan ya wuce tunanina. Ba na'urar sikan, ba kwamfuta, madubin ƙara girma ne da 'yan ƙarafa da haƙuri.

Abin da ya gani shi ne duk ɗan tayin da aka cire wa ƙulluttukan nan da wuri, ko asalinsa namiji ne ko mace, da jikin mace yake tasowa, da mahaifa da komai. In kuma ya jinkirta aikin da 'yan kwanaki sai ya tarar an riga an yi nisa, tsarin namiji ya kama, wato akwai wani ɗan taƙaitaccen lokaci da abin ke aiki, in ya wuce ya wuce. Sai ya yi gwaji na biyu wanda shi ne ya warware maganar. Ya dasa ɗan ƙanƙanin dunƙulen testosteron a jikin ɗan tayi, bututun Wolff ya rayu, amma bututun Müller bai ko gezau ba, mahaifa ta ci gaba da ginuwa. Da kuma ya dasa ɗan maraina sukutum a jikin 'yar tayi mace kusa da ma'ajiyar ƙwanta, sai bututun Müller na wannan gefen ya shanye. Ashe maraina abu biyu suke fitarwa, ɗaya testosteron mai gina kayan namiji, ɗayan kuma wani sinadari da ba a san shi ba wanda aikinsa kawai share mahaifa. Wannan na biyun shi ne AMH, kuma shi ne yake tsallakawa daga ɗan maraƙi zuwa tagwaicinsa mace ya mayar da ita juya. Jost da abokan aikinsa sun koma kan tagwayen shanun nan da kansu a shekarun 1970.

Yanzu ku duba tsawon lokacin da aka ɗauka. Ya faɗa a 1947, amma sai a 1984 aka iya tace sinadarin tsantsa, a ɗakin binciken wata likitar yara a Faris, Nathalie Josso, wadda ta kwashe kusan duk rayuwar aikinta a kan wannan abu guda, ita ce ma ta nuna cewa ƙwayoyin Sertoli na cikin maraina ne suke yin sa. A can Boston kuma wata likitar tiyatar yara, Patricia Donahoe, tana bin sawun abu ɗaya. A 1986 aka gano ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin yin sa, tana kan kuromozom na 19, cikin zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Shekara 37 tsakanin faɗa da gani, mutumin yana raye ya ga maganarsa ta tabbata. A lokacin ya riga ya zama farfesa a Collège de France tun 1974.

To ta yaya sinadarin da ke share mahaifa a jikin ɗan tayi namiji ya koma gwajin mata masu neman haihuwa? Daga baya an gano cewa mace ma tana yin sa, amma sai bayan mahaifarta ta riga ta ginu ba abin da zai yi mata, 'yan ƙananan buhunan ƙwai da suka fara tasowa a ma'ajiyarta ne suke fitar da shi. Wajen 2002 masu bincike a Holan suka nuna cewa yawansa a jini yana tafiya da yawan ƙwan da ya rage wa mace, yana raguwa da shekaru har ya ɓace lokacin ɗaukewar al'ada. Shi ya sa likitan da zai yi wa mace dashen ciki, wato IVF, yake son ganinsa don ya san yawan maganin da zai ba ta da kuma yawan ƙwan da zai sa ran samu. In ya yi yawa sosai kuma yana iya nuna PCOS, matsalar nan da ke sa al'ada ta riƙa tsallake wata da wata.

Nan zan ɗan tsaya saboda abin yana damuna. Mata suna karɓar rizot ɗin nan su ga lamba ƙarama su fashe da kuka tun a bakin taga, wata ma kafin ta kai wa likita ta riga ta shiga intanet ta yanke wa kanta hukunci cewa ta gama. 'Yar uwa, AMH adadin ƙwai yake nunawa, ba ya faɗin ingancinsa, kuma ciki ƙwai ɗaya yake buƙata a wata. A 2017 wata likita a Amurka, Anne Steiner, ta bi mata 750 'yan shekara 30 zuwa 44 da suke neman ciki ba su da tarihin rashin haihuwa, ta tarar masu ƙaramin AMH suna samun ciki kamar sauran. Kuma kuɗin gwajin nan ba kaɗan ba ne, sai ka ga mace ta sayar da atamfofinta ta yi shi alhali maigidan ko sau ɗaya bai kawo maniyyinsa an duba ba, gwajin da ya fi arha ya fi sauƙi, kuma kusan rabin matsalar rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2023 mutum 1 cikin 6 yana haɗuwa da matsalar nan a rayuwarsa, ba ke kaɗai ba ce, kuma ba mata kaɗai ba ne.

Akwai tambayar da Jost bai amsa ba, wato shi kansa ƙullutun me ke sa ya zama maraina tun farko. Rabin amsar ta riga shi zuwa. A 1905 wata mata a kwalejin Bryn Mawr a Amurka, Nettie Stevens, tana duba wani ƙwaro mai cin gari, ta ga macen tana da manyan kuromozom 20, namijin yana da manya 19 da ƙarami 1, kuma maniyyin kashi biyu ne, mai ɗauke da ƙaramin da marar shi. Ƙaramin nan shi ne Y. Ta rasu a 1912 tana da shekara 50. A 1959 aka tabbatar da cewa a ɗan Adam ma Y ɗin ne ke kawo namiji, sannan a 1990 a Landan Andrew Sinclair da Peter Goodfellow da Robin Lovell-Badge da abokan aikinsu suka gano ainihin ƙwayar gadon da ke kan Y, SRY. A 1991 Peter Koopman ya sa ta a jikin ɓera mai XX, wato kuromozom irin na mace, ɓeran ya fito namiji da maraina, sai dai ba ya haihuwa. SRY ta tada maraina, maraina su fitar da abubuwa biyun Jost, haka sarƙar take.

Ƙwan mace X kawai yake ɗauke da shi, ba ta da wani abin da za ta bayar ban da shi. Maniyyin namiji ne yake zuwa da X ko Y. Shekara 120 ke nan da sanin wannan amma har gobe a unguwanninmu na Aboabo da Asawase da Sawaba ana yi wa mace gori wai 'ya'ya mata kawai take haifa, uwar miji tana zuga ɗanta ya ƙaro wata ko a samu magaji. Shi ma mijin ba laifinsa ba ne, ba shi ke zaɓar wanda zai riga isa ba. A Suratus Shura, aya ta 49 da 50, Allah Ya faɗa ƙarara cewa Yana ba wanda Ya so 'ya'ya mata, Ya ba wanda Ya so maza, ko Ya haɗa masa, Ya kuma bar wanda Ya so ba haihuwa, kuma da matan Ya fara. Malamanmu su yawaita faɗin wannan a wa'azin aure da na suna don Allah.

Shi ma Jost akwai inda fahimtarsa ta tsaya, ko in ce inda waɗanda suka biyo shi suka wuce gona da iri. Saboda zomayen da aka cire wa ƙulluttuka sun fito da jikin mace, sai aka daɗe ana koyarwa wai zama mace ba ya buƙatar komai, in ba a yi komai ba mace za a samu. Hakan ya sa an jima ba a mai da hankali kan yadda ma'ajiyar ƙwai ke ginuwa ba. Daga baya aka gano ita ma tana da nata ƙwayoyin gadon da suke aiki tuƙuru, irin su WNT4 da RSPO1 da FOXL2, har a 2009 aka nuna cewa in aka kashe FOXL2 a jikin babbar ɓera, ƙwayoyin ma'ajiyarta sai su fara rikiɗa zuwa irin na maraina. Wannan bai rushe aikinsa ba, bututu da al'aura dai yadda ya faɗa haka suke, ƙari aka yi a kai.

Inda aikin mutumin nan ya fi taɓa ni shi ne maganar mata-maza, abin da ba ma son faɗa a fili. Malaman fikihunmu ba su ji kunyarsa ba, sun yi masa babi guda, hunsa mushkil, har rabon gadonsa sun faɗa, rabin kason namiji da rabin kason mace. Mu ne muka mayar da shi abin ɓoyewa.

A gidan hayar da muka taɓa zama wata amarya ta haihu a gida, haihuwar fari. Tsofaffi suka duba suka ce namiji ne, sai dai abin nasa ƙarami ne a lanƙwashe, zai miƙe in ya girma. Aka yanka rago aka raɗa sunan namiji aka ci shinkafa. Da aka kira wanzami don kaciya, tsohon ya buɗe zanen ya daɗe yana kallo, sai ya mayar da askarsa cikin zabira ya ce, "Hajiya, wannan ba aikin aska ba ne, ku kai shi asibiti." Allah Ya saka wa tsohon nan da alheri. Ba su kai ba, kakar ta ce kar maganar ta fita. Bayan 'yan kwanaki mai jegon ta ƙwanƙwasa min ƙofa da dare ta ce, "Anti, don Allah zo ki duba min yaron nan, ya ƙi kama nono, abin da ya sha kuma sai ya amayar." Na tarar da jariri laƙwas, maɗigarsa ta faɗa, leɓensa a bushe, fatar wajen al'aurar ta yi baƙi fiye da sauran jikin, na taɓa 'yar jakar a hankali ban ji komai a ciki ba, hagu da dama. Kakar tana tsaye a kaina ta ce, "'Yata, abin da kika gani ya tsaya a ɗakin nan." Na ce, "Mma, ba wanda zai ji daga bakina, amma in muka kwana da shi a nan ina tsoron ba zai kai jibi ba." A daren muka samu tasi zuwa Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye. Gishirin jininsa ya yi ƙasa sosai, fotashiyam ya hau, aka sa ruwa aka fara magani, da aka yi sikan sai ga mahaifa. Mace ce.

Ciwon sunansa CAH. Akwai wani ɗan ƙullutu a saman kowace ƙoda da yake yin kotisol da kuma sinadarin da ke riƙe gishiri a jiki. In aka gaji matsalar daga uwa da uba duka biyu, sai ƙullutun ya kasa yin waɗannan, kayan aikin su karkata zuwa yin sinadaran maza tun a ciki. Ku auna da ma'aunin Jost ku ga yadda komai ya zauna. Yarinyar nan ba ta da maraina, don haka ba AMH a lokacin da zai yi ɓarna, mahaifarta lafiya lau. Amma sinadarin maza ya yi yawa, shi ya sa wajen ya yi kama da na namiji. Lawson Wilkins na asibitin Johns Hopkins, wanda ya fara ba irin yaran nan kotizon a 1950, da bayanin Jost ya fahimci marasa lafiyarsa. Ciwon yana samun wajen jariri 1 cikin 15,000, kuma abin da ke kashewa zubar gishirin ne, yawanci a mako na biyu ko na uku, daidai lokacin da mu muke cewa maɗiga ce ko baki ne ko iska. Yarinyar tana nan, tana shan haidrokotizon da ɗan uwansa mai riƙe gishiri kullum, tana zuwa makaranta. Liman ya ce sauya suna ba komai ba ne, aka sauya.

Da ma'aunin nan dai ake gane sauran. Akwai mai XY, wato kuromozom irin na namiji, da maraina a ɓoye a ciki, AMH ya yi aikinsa ba mahaifa, amma jikin ba ya jin testosteron ko kaɗan, sai ta fito mace sak ta tashi mace, ba a sanin komai sai an ga ta girma al'ada ba ta zo ba. Irin wannan baiwar Allah mace ce a rayuwarta da aurenta, tana buƙatar likita mai hankali da dangi masu riƙe baki. Akwai kuma namiji cikakke da AMH ɗinsa bai yi aiki ba, sai an shiga yi masa aikin gwaiwa ko neman marainan da ba su sauko ba likita ya ci karo da 'yar mahaifa a ciki. A 1974 kuma Julianne Imperato-McGinley ta bayyana wasu yara a wani ƙauye a Jamhuriyar Dominika da ake renonsu a matsayin mata, suna balaga sai jikinsu ya juya na maza, saboda ba su da sinadarin da ke mayar da testosteron zuwa wani mai ƙarfi da ake kira DHT. An lura furostet ɗinsu, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ba ya girma, daga nan kamfanin Merck ya yi maganin finasteride da ya fito a 1992, wanda tsofaffinmu masu wahalar fitsari suke sha yanzu.

Kar ku ɗauka abin na Turawa ne. Likitocin yara na Gee da kansu sun duba jarirai sama da 9,000 da aka haifa a asibitin cikin shekara guda, suka wallafa sakamakon a 2019, sun samu 26 da al'aurarsu ta bambanta da yadda aka saba. Wannan na waɗanda aka haifa a asibiti ɗaya ke nan, ban da na gida da ake rufawa da zane. In aka haifa muku jaririn da ungozoma ta yi shakka, ko ramin fitsarin ba a kan kaciyar yake ba, ko an taɓa jakar ba a ji maraina ba, kar a yi kaciya, fatar nan likita zai iya buƙatarta nan gaba, kuma kar a jira suna ya wuce, a kai shi wurin likitan yara a makon farko. Maganar yi wa al'aurar aiki su kansu likitoci suna da saɓani kan lokacin da ya dace, ba ita ce ta gaggawa ba, gishirin jinin ne na gaggawa.

Abin da ya fi tayar min da hankali kuma shi ne jarirai maza masu CAH, su ba wata alama a al'aurarsu da za ta sa wanzami ya mayar da aska, sai dai amai da ramewa a mako na biyu, a yi ta ba su jiƙe-jiƙe har a rasa su ba a san dalili ba. A Amurka da Faransa ana ɗiga jinin dunduniyar kowane jariri a kan 'yar takarda a auna wannan ciwon tare da wasu tun kafin ya nuna. Mu a Kumasi mun san takardar nan, a nan garin ne marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin sikila ga jarirai a 1995 da irin wannan ɗigon jinin. Fatana shi ne likitocin yaranmu da hukumar lafiya su samu hanyar da za a ƙara gwajin CAH a kan takardar, kuma maganin nan na kullum ya riƙa samuwa a kemis ɗin Kumasi ba sai iyaye sun yi ta cigiya ba.